Mota Mai Ɗaki Ba Ta Kwana Sai da Zango

Tun da wayar hannu ta zuba bidiyon duniya cikin aljihun kowa, matasa a majalisun Kankiya da Kusada, kamar takwarorinsu na ko'ina, suna cin karo da wata irin mota mai gado da murhu da banɗaki a cikinta, mai ita yana tuƙawa duk inda ransa ya so, inda dare ya yi masa nan ne gida. Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin an samo maganin kuɗin haya da na otal, wasu na ganin almubazzarancin Turawa ne da bai shafe mu ba, wasu kuma har sun fara lissafin cire kujerun tsohuwar bas a kira kafinta. Dukansu motar kawai suke kallo. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da ke wajenta: wurin da za ta tsaya cikin aminci, inda za ta ɗebi ruwa, inda za ta zubar da ƙazanta, da makaniken da ya san cikinta. A kan waɗannan ne amfaninta ko asararta ya rataya a hanyar Kano zuwa Katsina.

Mece ce mota mai ɗaki?

Mota ce mai injinta da sitiyarinta, aka mayar da bayanta mazauni: wurin kwana, wurin girki, ma'ajiyar kaya, wani lokaci har da makewayi. Turawa na kiranta motorhome. Ta bambanta da karaban, wato ɗaki mai taya wanda ba shi da inji, sai wata mota ta ja shi. Ta kuma bambanta da kwantenar da kamfanonin gina titi ke ajiyewa a matsayin ofis, wadda mutane kan kira karaban ita ma, alhali sai an ɗaga ta an ɗora a tirela take motsawa. Girman mota mai ɗaki hawa uku ne. Akwai mai tsawon babbar bas ta Legas, akwai wadda aka gina wa akwati a bayan kan ƙaramar motar kaya, sai ƙarama, wato bas irin Hiace ko J5 da aka gyara cikinta ba tare da an taɓa bodinta ba.

A cikin kowacce akwai batir biyu, na tayar da inji da na ɗaki, kuma ba a haɗa aikinsu don kada fitila da fanka su shanye wutar da za ta tayar da mota da safe. Faifan sola a kan rufi shi ke cika batirin ɗaki da hasken rana. Inbata ita ce na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Tankuna kuma uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Biyun ƙarshe su ne masu sha'awar motar suka fi mantawa da su.

Abin da ke riƙe da ita a ƙasashen da ta yi ƙarfi

A Jamus kamfanin Westfalia ya fara sa wa bas ɗin Volkswagen gado da kabad a 1951. A Amurka kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da tasa ta farko a 1966, kuma a 2021 masana'antun ƙasar sun fitar da kusan 600,000 idan aka haɗa masu inji da na ja. Yawan nan bai zo don motocin sun yi kyau kawai ba. A can akwai dubban filaye da aka keɓe, kowane gurbi da turken wuta da famfo da ramin zubar da ƙazanta, kuma a Faransa da Jamus ƙananan hukumomi da yawa su ke tanadar irin wannan wuri a bakin gari. Mafi yawan masu motocin suna da gidajensu na zama, hutun 'yan makonni suke yi a ciki. Waɗanda suka tare a mota dindindin, da damansu ba nishaɗi ne ya kai su ba. Fim ɗin Nomadland da ya ci kyautar Oscar a 2021 labarin irinsu ne, Amurkawan da suka rasa aiki da muhalli bayan karayar tattalin arzikin 2008. Duk mai cewa mota za ta maye gidan haya ya kamata ya san wannan ɓangaren.

Mu ma abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni gidansu na kan jaki, amma tafiyarsu daga zango zuwa zango ake auna ta. Madugu ya san inda rijiya take da sarkin da za a kai wa gaisuwa, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya kafin ayari ya iso. Unguwannin Zango da ke Kumasi da Ankara a Ghana sawun wannan tsari ne. A yau magadansu su ne direbobin Daf da tanka, waɗanda ke da gado a bayan kujera kuma sukan shafe mako ba su ga gida ba. Ba a ganin sun kwana a tsakiyar daji da son ransu. Tafa suke nufa, ko Mararrabar Jos, ko wata tasha da ke da mai shayi da masallaci da mai faci da mai gadi da ƙungiyar da za ta tsaya musu idan rigima ta taso. Wanda ya kafa hujja da su cewa kwana a mota ba wuya, ya kafa hujja ne a kan abin da ake faɗa a nan: gadon na mota ne, amma kwanciyar hankalin na tasha ne.

Nauyi, zafi da wuta

Kuskuren da ya fi yawa wajen gyaran bas shi ne ɗaukar cewa tunda an cire fasinjoji an sami rangwame. Bas irin Hiace abin da aka yarje mata ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma adadin na rubuce a farantin ƙarfe da ke jikin ƙofa ko kusa da inji. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. Manya huɗu sun tasam ma kilo 300. A ƙara katako da falankin kafinta, batura, tukunyar gas, buhun abinci, safayar taya da kayan aiki, sai a ga an cinye tan ɗin tun ba a bar gari ba. Bambancin wannan da obalodin direban haya shi ne nasa yakan sauka a kasuwa, wannan kuwa yana kan sifirin da shokozoba dare da rana. Saboda haka katako marar nauyi ake nema, tayil da marmara ba su da gurbi, kaya masu nauyi kuma a ƙasa ake ajiye su tsakanin tayoyin gaba da na baya. Abin da aka tula a kan rufi shi ke kifar da mota a kwana.

Nauyin nan kan taya yake ƙarewa, a kan kwalta mai zafi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma mota mai ɗaki ta fi kowace shiga wannan tarko, domin tana yawan zama wuri ɗaya. Zanen tayar na nan kamar sabo, amma rana ta riga ta tsattsaga gefenta. Tayar Baljiyam a ƙarƙashin irin wannan kaya, araha ce da ba ta ado.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a tsakiyar Katsina kan haura 40, kuma akwatin ƙarfe da ya yini a rana tanda ne. Amsar da kowa ke bayarwa ita ce a sa na'urar sanyaya ɗaki a haɗa da sola, to amma lissafin ba ya fita. Ƙaramar na'urar, mai ƙarfin doki ɗaya, tana jan wat 700 zuwa 900, wato a kwana ɗaya na awa takwas za ta iya shan kilowat biyar da rabi zuwa bakwai. Rufin bas ba ya ɗaukar fiye da faifai biyu ko uku, abin da za su tara a yini bai cika wuce kilowat uku ko huɗu ba, idan ƙurar hunturu ta rufe su ma ya ragu. Babban batir mai lamba 200 da aka saba gani a shagunan sola kilowat biyu da rabi yake riƙewa, kuma idan na ruwa ne rabin kawai ake ja in ana so ya daɗe. Abin da sola za ta iya cikin sauƙi shi ne fitila, fanka, cajin waya da ƙaramin firiji. Sanyi kuwa daga wani wuri ake nemo shi: fentin rufi fari, soson hana zafi tsakanin ƙarfe da falanki, taga a sama da iska mai zafi za ta fita, rumfar tamfol a gefe, da tsayawa a inuwar darbejiya. Kowace taga kuma da ragarta, saboda sauron damina.

Wannan giɓin na wuta shi ke jefa mutane cikin haɗarin da ya fi kowane kisa. Wanda zafi ya dama zai kunna janareto kusa da taga, ko ya bar injin mota na aiki ya rufe gilashi ya kwanta. Hayaƙin duka biyun na ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma an sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba a gidajen ƙasar nan ta dalilinta. Da hunturu hatsarin ta wata ƙofa yake shigowa, wato kaskon garwashi da aka saba shiga ɗaki da shi. A ɗakin ƙasa mai faɗi ma yana kisa, balle a bas da aka toshe. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan iskar ta taru, kuma a ganina motar da ba ta da ita bai kamata a kwana cikinta ba. Tukunyar gas ita ma akwatinta daban, mai buɗewa ta waje, da rami a ƙasansa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya. A rufe kanta kafin a tashi, a rufe kafin a shiga gidan mai, kuma ba a girki mota na tafiya. Haka nan ba mai kwanciya a gado ana gudu. Yara da manya kowa na kan kujerar da aka ɗaure da noti, da bel.

Ruwa kuma yana da nasa lissafin a wurin Musulmi, wanda Bature mai ƙera motar bai yi ba. Akwai alwala sau biyar, da tsarki, da wanka. In aka ƙaddara lita 20 ga mutum ɗaya a yini, tankin lita 100 kwana ɗaya da ɗan ɗori zai yi wa mutum huɗu. Tankin bayan gida kuwa sai an sami shadda da mai ita ya yarda a juye, domin zubar da shi a kwata ko bakin gona cuta ce ga mutanen gari, kuma hanya ce mafi sauri ta sa a tsani duk mai irin motar.

Saye, takardu da gyara

Wanda ke tunanin shigo da mota mai ɗaki daga waje ya fara duba sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilun 1972, kuma dokokin hanya sun hana mota mai sitiyari a dama, don haka na Ingila, duk da arahar da ake gani a intanet, sun fita daga lissafi. An kuma hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, saboda haka takardar kwastan ta motar da aka ce ta biyo ta Kwatano abar tantancewa ce kafin a biya ko sisi. Bayan wannan akwai maganar kayan gyara. Yawancin na Turai a kan Fiat Ducato ake gina su, da injin dizal mai kwamfuta da aka yi domin man da ya fi namu tsabta. Idan irin wannan ta tsaya a Gidan Mutum Ɗaya, makaniken wurin zai iya buɗe bonet ya duba, amma abin da ya lalace ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ba lallai a same shi ba. Hiace kuwa, ko Coaster, ko J5, ba garin da ke kan titin nan, daga Bici da Tsanyawa zuwa Kankiya da Caranci, da za a rasa wanda ya san su. Garin Kusada da ƙauyukansa sai an ratse daga babban titi, kuma hanyoyin karkara da damina ba sa son mota mai dogon baya da ƙasan da ke kusa da ƙasa.

Duk canjin da aka yi wa mota a sanar da ofishin rajista da jami'an duba lafiyar motoci, a kuma faɗa wa kamfanin inshora, don kada ranar biyan diyya a ce ba ita aka yi wa rajista ba. Ƙaramar inshorar dole, wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta san da batir ko firijin mai mota ba. Gilashi mai duhu na buƙatar izinin 'yan sanda, labulen da ake zugewa da rana ya fi sauƙi. Kuɗin mai ma a sa shi a gaba: bas mai kaya na shan kusan lita 20 daga Kano zuwa Katsina, tafiyar kilomita 170 ko kusa da haka, kuma litar da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

Gyaran yau da kullum bai bambanta da na kowace bas ba, sai a abu biyu. Zama na ɓata ta fiye da tafiya: batir ya mutu, birki ya kama, ɓeraye su ci waya, gara ta shiga falanki, don haka a riƙa tayar da ita ana zagayawa ko ba tafiya. Na biyu rufi. Duk inda aka huda domin sola ko taga, nan ruwa zai bi, kuma ba a ganewa sai katako ya ruɓe. A duba liƙin kafin ruwan farko.

Ina za a kwana?

A nan ne maganar Kankiya da Kusada ta rabu da ta Turai kwata-kwata. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Kankiya da Kusada ba sa cikin jerin, amma daga baya matsalar 'yan bindiga ta taɓa ƙauyukansu su ma, kuma idon jama'a ya buɗe. A irin wannan yanayi a dubi baƙuwar mota mai labule, cike da jarkoki da abinci da batura, ta tsaya a bayan gari da magariba. Mai ita na ganin kansa ɗan yawon buɗe ido. Ɗan sintiri, ko jami'in rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, abin da zai gani shi ne mai kai wa daji kaya, kuma ba za a ce ya yi wauta ba. Ga ɓarawo kuma, mota ce da ke shelar cewa mai ita na da kuɗi kuma yana barci a ciki.

Don haka kwanan daji, wanda shi ne abin da ya fi burge masu kallon bidiyo, ba ya cikin abin da mai hankali zai gwada a yanzu. Tafiya daga hantsi zuwa la'asar, a san masauki tun kafin a tashi, a tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, domin labarin jiya ba ya aiki. Masaukin ya zama mai katanga da mai gadi, gidan ɗan'uwa ko harabar otal. A kai gaisuwa wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda a faɗi ko wane ne da abin da ya kawo shi. A juya kan motar ya fuskanci ƙofa, kujerar direba ba kaya a kai. Hotunan tafiya kuma a bari sai an bar wurin a sa su a Facebook.

Masu ja da abin da ke cikin jansu

Akwai masu cewa abin ya saɓa wa al'ada, tunda baƙo a ƙasar Hausa zaure ko ɗakin baƙi ake ba shi, kuma wanda ya je gidan ɗan'uwansa ya kwana a mota ya ci masa fuska. Suna da gaskiya rabi. Amma a ranar biki ko rasuwa, lokacin da gida ya cika har ana shimfiɗa a tsakar gida, ƙarin ɗaki mai ƙofa sutura ce, musamman ga mai jego ko tsoho marar lafiya, kuma mai gida ba zai ƙi ba. Wasu kuma sun ɗauka mazaunin mota matafiyi ne kullum. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya daina kasaru, ko ƙarƙashinsa taya ce ko daɓe.

Masu cewa motar za ta buɗe harkar yawon buɗe ido suna nuna rijiyar Kusugu a Daura da hasumiyar Gobarau a Katsina, suna kuma tuna Pelumi Nubi, 'yar Najeriyar da ta tuƙo daga Landan ta iso Legas a Afrilun 2024. Abin lura shi ne ƙaramar Peugeot 107 ta gyara ta yi tafiyar da ita, ba katafariyar mota ba. Kusugu da Gobarau kuwa a cikin gari suke, kusa da otal, kuma kuɗin da za a kashe a gyara bas ya isa kwanan otal na shekaru ga wanda ke fita sau biyu a shekara.

Inda lissafin ke fita shi ne wurin wanda aikinsa ke kwanar da shi a ƙauyen da ba masauki: masu haƙa rijiyar burtsatse da masu haɗa sola, dillalan hatsi da kaka, malaman dabbobi, ma'aikatan lafiya masu zagayen rigakafi, masu ɗaukar fim. Waɗannan dama suna da mai masauki a inda suka je, kuma motar na yi musu aikin ɗaukar kaya da rana. Idan suka yi yawa, mai otal ko mai fili da ke da katanga a bakin titin Kankiya zai iya ware gurbi da famfo da soket da shadda ya karɓi kuɗin kwana, direbobin dogon zango ma su amfana. Kafin a kai can, wanda ya ƙuduri gyara bas ɗinsa ya fara da katifa da jarka da fanka na wata ɗaya, ya ga ko aikin nasa na buƙatar fiye da haka. In ya zarce, gado da kabad a ɗaura su da noti a ramukan kujeru, kada a yi musu walda, kujerun kuma a adana su. Bas mai kujeru tana da masu saye a kowace tasha, wadda aka yanka aka mayar ɗaki kuwa sai an yi dogon cigiya.